Tsuke Bakin Aljihu: Magani Ne Ko Ƙarin Ciwo?

Akwai wata magana wadda ba ta tsufa a bakin shugabannin ƙasar nan, watau a tsuke bakin aljihu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da ita a 1982, sojojin da suka karɓi mulki daga hannunta suka ƙara mata gishiri, mu kuma yaran yau mun ji irinta da kunnenmu a 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur. Kullum dalilin da ake bayarwa guda ne: bashi ya yi wa gwamnati yawa, kuɗin shiga ya yi kaɗan, saboda haka sai kowa ya yi haƙuri a rage kashe kuɗi har a fita daga ramin. Maganar tana da daɗin ji, domin haka kowane magidanci mai hankali yake yi a gidansa. Abin da nake so mu bincika shi ne, shin abin da ya yi wa magidanci magani yana yi wa gwamnati? Kada wani ya ce wannan zancen manya ne. Bashin da aka ci yau, mu da muke aji huɗu da aji biyar mu ne za mu biya shi da harajinmu nan da shekara goma ko ashirin.

Bari mu fara da ma'anar kalmomin. Kasafin kuɗi lissafi ne da gwamnati take yi kowace shekara, ta rubuta abin da take sa ran samu a gefe guda, abin da take nufin kashewa kuma a ɗaya gefen. A jiharmu gwamna ne yake kai shi gaban Majalisar Dokoki a Dutse. In abin kashewa ya fi abin samu, to, an sami giɓi ke nan. Ana cike giɓi da rance, ko kuwa Babban Banki ya ƙirƙiro sababbin kuɗi ya ba Gwamnatin Tarayya, abin da yakan jawo tsadar kaya, ko kuma a ƙara haraji a rage kashewa. Wannan ta ƙarshe ita ce tsuke bakin aljihu. Bashin gwamnati kuwa ba wani abu ba ne illa giɓin shekara da shekaru da ya taru, tare da kuɗin ruwansa.

Amma fa yawan bashi shi kaɗai ba ya nuna nauyinsa. Bashin naira miliyan ɗaya yana iya hana mai teburin sayar da goro barci, alhali kuwa babban dillalin shanu na kasuwar Maigatari ba zai ko waiwaye shi ba. Don haka masana sukan auna bashin ƙasa da jimillar dukiyar da ƙasar take samarwa a shekara, watau amfanin gona, da kayan masana'antu, da mai, da ciniki, da aikin malami da likita da direba, duk a haɗe. In wannan jimilla ta ƙaru bana fiye da bara, shi ne ake cewa tattalin arziki ya bunƙasa. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan ne asirin maganar yake: nauyin bashi yana raguwa in an biya, yana kuma ƙaruwa in dukiyar da ake auna shi da ita ta ragu, ko da ba a ƙara cin ko kwabo ba.

To, ina bambancin magidanci da gwamnati? Magidanci in ya daina sayen nama ya koma wake, albashinsa ba ya raguwa saboda haka. Gwamnati kuwa kuɗin da ta kashe shi ne abin samun jama'a, kuma daga abin samun jama'a take karɓar haraji. A ce an biya wani malami albashin N100,000 a Kiyawa. Ya tafi kasuwar Shuwarin ya sayi gero da wake da manja, ya biya tela, ya biya mai gyaran babur. A ce rabin kuɗin, N50,000, ya tsaya a hannun mutanen yankin. Su ma suka kashe rabin abin da suka samu a nan gida, N25,000, na gaba da su suka kashe N12,500, haka har abin ya ƙare. In ka tara duka za ka ga ya doshi N200,000. Ashe naira ɗaya ta gwamnati ta yi aikin naira biyu saboda yawon da ta yi daga hannu zuwa hannu. Sai dai kamar yadda take ninkuwa in an sake ta, haka rashinta yake ninkuwa in an riƙe ta. Ranar da albashi ya yi jinkiri, ba malami kaɗai yake ji a jikinsa ba, har mai ƙosai ta bakin tasha ta san wata bai yi ba. Mu 'yan makarantar kwana ba ma bukatar a gaya mana, kaurin kunun safe ya isa ya ba mu labarin halin da baitulmali yake ciki.

Yanzu ga ɗan lissafi, kowa ya ɗauko fensir. A ce wata ƙasa tana samar da dukiyar N1,000 a shekara, ana bin ta bashin N800, watau kashi 80 cikin 100. Gwamnatinta tana karɓar harajin naira ɗaya cikin kowace naira biyar. Sai ta yanke shawarar rage kashe N50 don ta biya bashi da shi. In kowace naira da aka rage ta jawo asarar kwabo 50 kawai, dukiyar ƙasa za ta ragu da N25 ta koma N975, haraji ya ragu da N5, abin da gwamnati ta tsira da shi N45. Bashi ya koma N755, watau kashi 77 cikin 100 na N975. Magani ya yi aiki. Amma in kowace naira ta jawo asarar naira ɗaya da rabi, dukiyar ƙasa za ta ragu da N75 ta koma N925, haraji ya ragu da N15, abin da aka tsira da shi N35 kacal. Bashi ya koma N765, wanda shi ne kusan kashi 83 cikin 100 na N925. Kun gani? An sha wuya, an biya wani abu daga cikin bashin, amma nauyinsa ya ƙaru daga 80 zuwa 83. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka duk gardamar da masana suke yi ta tsaya ne a kan tambaya guda: wane lokaci ne ninkin yake ƙarami, wane lokaci ne yake babba? Yakan yi ƙanƙanta in kasuwa tana ci, 'yan kasuwa suna neman ma'aikata, wanda gwamnati ta sallama yana samun wani aikin, ko kuma in kuɗin da aka rage daman waje yake tafiya wajen sayen kayan ƙawa. Yakan yi girma in an riga an shiga kunci, masana'antu suna rufewa, kowa yana tsoron fitar da kuɗinsa. Wani masani Baturen Ingila, John Maynard Keynes, ya koyar da haka tun cikin shekarun 1930, cewa lokacin yalwa ne ya kamata gwamnati ta yi tsimi, ba lokacin tsanani ba. Manominmu ma ya san haka, da kaka ake cika rumbu, ba a watan takwas ba.

Ƙasar Girka ita ce misalin da duniya ta fi sani. A 2009 bashinta ya kai wajen kashi 127 cikin 100 na dukiyar da take samarwa. Daga 2010 ƙasashen Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, watau IMF, suka ba ta rance bisa sharaɗin ta rage albashi da fansho ta ƙara haraji. Ta yi. Tsakanin 2008 da 2013 tattalin arzikinta ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, marasa aikin yi suka kai kashi 27 cikin 100, nauyin bashin kuma ya haura zuwa wajen kashi 180. A Janairun 2013 babban masanin tattalin arziki na asusun, Olivier Blanchard, da abokin aikinsa Daniel Leigh suka fitar da bincike da ya nuna cewa masu hasashe sun yi zaton ninkin wajen rabin naira ne, alhali a ƙasashen Turai na wannan lokaci ya wuce naira guda. Watau lissafinmu na biyu ne ya auku, su kuwa da na farko suka yi shiri. Amma don kada a ce na ɗauki gefe, ƙasar Kanada ta yi tsimi mai tsanani a 1995, cikin shekara uku ta rufe giɓinta, ba ta kuwa durƙushe ba. Dalili shi ne maƙwabciyarta Amurka tana cikin yalwa tana sayen kayanta, kuɗin ruwa kuma yana sauka a bankuna.

Mu dawo gida, inda maganar ta fi shafarmu. A 1973 da 1974 farashin ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu a kasuwar duniya, kuɗi ya kwararo wa Nijeriya. Aka yi ƙarin albashin Udoji, aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka shiga gina hanyoyi da madatsun ruwa da jami'o'i. Kakanninmu da suka yi makarantar kwana a wancan zamani, irin su kwalejin Birnin Kudu, har yau suna ba da labarin yadda ake ba su littattafai da tufafin makaranta da sabulu kyauta, har da kuɗin mota in an yi hutu. Abin da ba a yi ba shi ne ajiya. A 1978, da mai ya ɗan faɗi, gwamnatin Janar Obasanjo ta ci rancen dala biliyan 1 daga bankunan Turai, wanda shi ne babban rance na farko irinsa. Da farashin ya sake tashi a 1979 da 1980 sai aka manta, Gwamnatin Tarayya da jihohi suka ci gaba da rance da shigo da kaya, har shinkafa da madara.

A 1981 kasuwar mai ta karye. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta kafa dokar daidaita tattalin arziki, aka taƙaita shigo da kaya, aka ƙara kuɗin kwastan, aka dakatar da ayyuka da dama. Masana'antun Kano na Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun dogara ne da kayan aiki da kayan gyaran inji na waje, da suka rasa su sai suka rage aiki suka sallami ma'aikata. A lokacin ƙasar Dutse da Birnin Kudu da Gwaram duk cikin Jihar Kano suke, kuma Kano ce inda samarinmu suke zuwa neman aiki da ci-rani, don haka wutar ta iso har ƙauyukanmu. Da Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki a ranar 31 ga Disamba 1983, sai ya ƙara ɗaure igiyar. Aka sallami dubban ma'aikatan gwamnati, aka hana ƙarin albashi, aka maido da haraji da jangali waɗanda Gwamna Abubakar Rimi ya soke a Jihar Kano a 1979, jama'a suka riƙa bin layi don sayen sukari da madara da sabulu. A kasafin 1985 fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin waje da ƙasa take samu an ware shi ne don biyan bashi. Tattalin arzikin ya yi ta raguwa shekara huɗu a jere, daga 1981 zuwa 1984. Gaskiya ne faɗuwar mai ce tushen ciwon, amma tsimin da aka yi a tsakiyar ciwon ya ƙara masa zafi.

Janar Ibrahim Babangida ya hau a watan Agustan 1985, ya buɗe muhawara ko a karɓi rancen IMF ko a ƙi. Jama'a suka ce a ƙi, aka ƙi a watan Disamba. Sai ga shi a watan Yulin 1986 an fito da shirin gyaran tattalin arziki da kowa ya sani da suna SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da aka ce an ƙi. Aka rage tallafin mai, lita ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona irin na gyaɗa da auduga, aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. A nan ne wani abu ya faru wanda ya kamata kowane ɗalibi ya fahimta. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta kai N4, a 1990 N8, a 1993 N22. Bashin waje da dala ake biyansa, haraji kuwa da naira ake karɓarsa. Ke nan bashin dala ɗaya da ake iya biya da kwabo 90 a 1985, sai an nemo N8 kafin a biya shi a 1990, ba tare da an ƙara cin komai ba. Haka kuma mafi ƙarancin albashi na N125 da aka kafa a 1981, wanda a lokacin ya fi dala 200, a 1990 bai kai dala 16 ba. Ba mamaki da ɗalibai suka yi bore a garuruwa da yawa a 1989, manyan malamai da likitoci kuma suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka.

Ba duka ne sharri ba. Hana shigo da shinkafa da masara a 1985, da hana shigo da alkama a 1987, sun sa manoman rani na Kadawa da Haɗeja sun sami kasuwa, tattalin arzikin kuma ya farfaɗo daga 1988 zuwa 1990. Amma in manufar ita ce a rage bashi, to, ba a cim mata ba. Bashin waje ya tashi daga wajen dala biliyan 19 a 1985 zuwa wajen dala biliyan 33 a 1990. Zuwa 2004 ya doshi dala biliyan 36, kuma babban ɓangarensa ba sabon rance ba ne, kuɗin ruwa ne da tara da suka taru saboda jinkirin biya. Abin da ya sauke wannan kaya a ƙarshe shi ne yarjejeniyar Oktoban 2005 da ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Aka yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, ita kuma ta biya wajen dala biliyan 12 daga rarar kuɗin mai da ta fara tarawa tun 2004, aka gama a watan Afrilun 2006. Ku lura, shekara ashirin na tsimi a cikin tsanani ba su biya bashin ba, shekara biyu na ajiya a cikin yalwa, tare da yafiya, su ne suka biya shi.

Da ma an ɗauki darasi! An kafa dokar kula da kashe kuɗin gwamnati a 2007, wadda ta ce giɓi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na dukiyar da ƙasa take samarwa, amma asusun rarar mai ya yi ta zurarewa. Da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, rumbu ba kome. Jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har sai da Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki a 2015, tattalin arziki kuma ya ragu da wajen kashi 1.6 cikin 100 a 2016. Aka koma rance. Bashin gwamnatocin ƙasar nan gaba ɗaya, wanda yake wajen naira tiriliyan 12 a tsakiyar 2015, ya kai tiriliyan 87 a tsakiyar 2023, a ciki har da tiriliyan 22.7 da aka ci daga Babban Banki. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 wajen kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ya tafi wajen biyan bashi da ruwansa. A wannan shekarar tallafin man fetur ya cinye fiye da naira tiriliyan 4, ya fi abin da aka ware wa ilmi da lafiya in an haɗa su, wani kason man kuma yana tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya ce a bar abin haka bai yi wa ƙasa adalci ba.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, a watan Yuni kuma aka sake sakin naira. Litar mai ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, ta wuce N1,000 a ƙarshen 2024. Dala ta tashi daga wajen N460 zuwa sama da N1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban wannan shekara. Kason da jihohi suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma bashin ƙasa ya tashi daga naira tiriliyan 97 a ƙarshen 2023 zuwa sama da tiriliyan 144 a ƙarshen 2024, kuma babban dalili shi ne dai wancan na 1986, watau bashin dala da aka sake lissafa shi da naira mai rauni.

Jiharmu fa? An haifi Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, a tsakiyar zamanin SAP, ba ta tarar da ranar yalwa ba. Ma'aikatan da aka turo daga Kano sun iske Dutse ba isassun ofisoshi ba gidaje, da yawansu sai sun yi sammako daga Kano su koma da yamma. Har yau mafi yawan kuɗin jihar daga asusun tarayya yake zuwa, abin da take tarawa a cikin gida kaɗan ne, ga shi jiha ba ta da ikon buga kuɗi. Wataƙila wannan ne ya koya wa shugabanninta taka-tsantsan. Zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an yi manyan gine-gine irin su filin jirgin sama na Dutse da jami'ar jiha ta Kafin Hausa. Wanda ya gaje shi, Muhammad Badaru Abubakar, ya zo daidai lokacin da mai ya faɗi, ya yi suna wajen bin diddigin kuɗin kwangila har jama'a suka laƙaba masa Mai Kalkuleta. A rahotannin Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa na shekarun 2022 zuwa 2024, Jigawa ce aka saba gani a ƙarshen jeri wajen bashin cikin gida, watau ita ce mai mafi ƙaranci.

Wannan abin alfahari ne, bashi hanji ne yana cikin kowa, amma namu ɗan kaɗan ne. Sai dai akwai wani jerin kuma. A rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019, kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna cikin talauci, Sakkwato da Taraba ne kaɗai suka fi mu. Ban ce ƙarancin bashi ne ya kawo talaucin ba, talaucin ya girmi jihar ma. Abin da nake cewa shi ne rashin bashi shi kaɗai ba arziki ba ne. Manomin da ba a bin sa ko kwabo, amma ya ƙi karɓar taki bashi ya noma gonarsa haka nan, zai kwana da kwanciyar rai ya tashi da rumbu rabi. Ga kuma wani abin lura game da yawon naira a wajenmu. Kuɗin da aka biya albashi a Dutse ba ya daɗewa yake kama hanyar Kano, zuwa Kantin Kwari da kasuwar Singa, daga can ya wuce Legas ko ƙasar Sin, domin kaɗan ne daga abin da muke sawa ko muke amfani da shi ake yi a nan. Riɗinmu da zoɓorodonmu da dabinon Dutse yawanci ɗanye suke fita, wasu su sarrafa su ci ribar. Don haka a ganina kuɗin da ya fi yi mana amfani shi ne wanda zai sa mu samar da ƙarin kaya a gida, irin na noman rani da hanya da wuta da makaranta.

Abin takaici kuwa, ranar da aka ce a tsuke bakin aljihu, waɗannan ne aka fi saurin yankewa. Dalilin a fili yake. In an taɓa albashi ƙungiyar ƙwadago za ta tafi yajin aiki, in an taɓa alawus na manya su ne masu sa hannu a takardar, amma magudanar ruwan da ba a gina ba ba ta da bakin yin kuka, haka nan yaron da ba a gina wa aji ba. Wannan shi ne cinye iri don a ƙoshi yau. In tsimi ya zama dole, kuma wani lokaci yakan zama dole, ni dai da za a ji ta bakina da an fara da motocin alfarma, da tafiye-tafiye, da ma'aikatan bogi, da kwangilar da aka ninka kuɗinta, domin rage waɗannan ba ya hana ko buhu ɗaya na gero fitowa.

Wanda yake son ya ga abin da idonsa ya je Auyo. An soma aikin noman rani na kwarin Haɗeja tun zamanin Shagari, da nufin a shayar da dubban kadada a riƙa noma rani da damina. Tsimin shekarun 1980 ya rutsa da shi, aka yi ta tashi ana faɗuwa, gwamnati bayan gwamnati, kullum maganar ita ce babu kuɗi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen wajen dala miliyan 495 don gyara manyan wuraren noman rani na Arewa, har da Bakolori da Kadawa da kwarin Haɗeja. Da wannan rance aka kammala fiye da kadada 5,000, Shugaba Buhari ya zo ya buɗe aikin a Janairun 2023, wajen shekara 40 bayan an soma shi. Kuɗin da aka tsimi a 1982 an rubuta shi a littafin baitulmali, amma shinkafa da alkama da tumatir da ba a noma ba a cikin waɗannan shekaru ba wanda ya rubuta su. Rancen da aka gama aikin da shi kuma na kuɗin waje ne, ranar da aka amince da shi dala tana wajen N160, kuma da darajar nairar ranar biya za a biya shi.